Mafaka Ga Matar Da Miji Ke Cutarwa, A Mahangar Shari'a

 

Sananne ne a ƙasar Hausa idan duka da zagi suka ishi mace sai ta yi yaji zuwa gidan iyayenta. Sau da yawa kuwa tun ba ta ajiye ƙunshin kayanta ba za a ce mata, "Koma ɗakinki, aure ɗan haƙuri ne." Haƙuri abin yabo ne, amma Shari'a ba ta wajabta wa kowa zama ƙarƙashin zalunci ba. Allah Maɗaukaki Ya hana a riƙe mace don a cuce ta, a aya ta 231 cikin Suratul Baƙara, Ya kuma yi umarni a aya ta 35 cikin Suratun Nisa'i da a naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata.

Malaman Malikiyya sun faɗaɗa wannan babi ƙwarai. Idan mace ta yi ta kai ƙara amma ta rasa shaidu, alƙali zai zaunar da su tsakanin mutanen kirki waɗanda za su sa ido su ba da shaida. In cutarwar ta tabbata, tana da ikon neman a raba auren ba tare da ta mayar da sadaki ba. Kai, ko da ta riga ta fanshi kanta da hul'i, Risala ta Ibn Abi Zaid ta bayyana cewa za a mayar mata da abin da ta bayar, rabuwar kuma tana nan daram. Mata da yawa sun sayar da gado da kwanuka don biyan abin da Shari'a ba ta ɗora musu ba, saboda rashin sanin wannan hukunci.

To, wadda ba ta da iyaye a kusa, ko suka ƙi karɓarta, ina za ta nufa? A Sahihu Muslim an ruwaito cewa da aka saki Fatima 'yar Ƙaisu, Annabi ya umarce ta ta yi idda a gidan Ibn Ummi Maktum. Daga baya da Abu Jahmi ya nemi aurenta, sai Annabi ya faɗakar da ita cewa mai dukan mata ne. Musulmin baya sun ɗora a kan irin wannan. A Alƙahira, cikin shekara ta 684 ta Hijira, watau 1285, 'yar Sarki Baibars ta gina wani gida da ake kira Ribaɗul Bagadadiyya. Malam Maƙrizi ya faɗi cewa ana ajiye matan da aka saka, ko mazansu suka ƙaurace musu, a wannan gida ƙarƙashin wata malama mai koya musu addini, har su yi wani aure ko a sasanta su da mazansu.

Sai dai ɗaki kawai ba ya isa, domin yunwa ce ke mayar da mace hannun mai dukanta. Uwar Muminai Zainabu 'yar Jahshi jima take yi da ɗinkin fata, tana sadaka da abin da ta samu. Innar Jabir ɗan Abdullahi ma an sake ta, wani ya hana ta fita girbin dabinonta, Annabi ya ce ta fita. Saboda haka gidan da zai karɓi irin waɗannan mata ya kamata ya koya musu ɗinki, ko saƙa, ko yin sabulu da man gyaɗa, har da lissafin ciniki, sa'an nan a haɗa su da ɗan jari. Abin da mace ta samu nata ne, miji ko uba ba shi da ikon taɓawa sai da yardarta. Kuɗin gini ana iya samunsa ta hanyar wakafi, jarin kuwa ya halatta a fitar da shi daga zakka a damƙa a hannunta, muddin tana cikin matalauta.