Yadda Ake Tsare Sanyin Tankin Oksijin a Zafin Makka

Duk gidan da ka shiga a unguwar Hindawiyya ta Makka, da wuya ka rasa filas na shayi ko gahawa. Dabarar da ke riƙe zafinsa, wadda James Dewar ya ƙirƙiro a 1892, ita ce ke tsare sanyin farin tankin ruwan oksijin ɗin nan da ake girkewa a harabar manyan asibitoci. Oksijin ba ya zama ruwa sai sanyinsa ya kai digiri 183 ƙasa da sifili, alhali a hajjin 2024 zafin Makka ya kai digiri 51.8. Tazarar ta haura digiri 230, shi kuwa zafi kullum wurin sanyi yake nufa. Ga yadda ake tare masa hanya.

Da farko ana ƙera tanki biyu, ɗaya cikin ɗaya. Na ciki da ƙarfen da ba ya tsatsa ake yin sa, domin gama-garin ƙarfe yakan tsage idan sanyi ya tsananta.

Na biyu, ba a barin bangayen su haɗu. Ana ɗora na cikin a kan 'yan siraran madogarai, saboda duk inda ƙarfe ya taɓa ƙarfe, zafi ya sami gada.

Na uku, a cika tsakaninsu da garin falayit. Wannan dutse ne na aman wuta da ake gasawa har ya kumbura kamar gugguru. Ba shi da nauyi, duk ƙofofi ne, zafi ba ya ratsa shi da sauƙi.

Na huɗu, a sa injin ya zuƙe iskar da ta rage, a toshe. Iska ce 'yar aiken zafi; idan babu ita, saƙo ba ya isa.

Daga nan a shafe bayan tankin da farin fenti don ya mayar da hasken rana.

Duk da haka, zafi kaɗan yakan silale ya shiga, wani ɓangare na ruwan ya koma iska. Lita ɗaya ta ruwan tana ba da kusan lita 860 na iska, shi ya sa dole a sa bawul mai rage matsi.

Mai kula da tanki, idan ka ga raɓa ko ƙanƙara a jikin bangon waje, ka sanar da injiniya nan take, domin alama ce iska ta shiga tsakani. Kada kuma mai ko giris ya kusanci wurin. Numfashin majinyata amana ne a hannunka.