Tarar Laifin Hanya: Wa Ke Biya, Kuma Me Ke Faruwa In Ba a Biya Ba?

Duk mai bin titin Murtala Muhammad a Bauci, musamman wajen Masallacin Gwallaga ranar Juma'a, ya san yadda motoci da babura da keke mai ƙafa uku ke cunkushewa. A irin wannan wuri ne akan yawaita karya dokar hanya, kuma da zarar an rubuta tara sai gardama ta tashi tsakanin direba da maigidansa. Wannan darasi zai bayyana inda doka ta ɗora nauyin.

Tushen dokar

A shekarar 1988 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, aka kuma sake tsara dokarta a 2007. Jadawalin dokar ta 2007 ya jera laifuffuka da tarar kowanne. Ga misali: rashin ɗaura bel N2,000; wuce iyakar gudu N3,000; amfani da waya a kan tuƙi N4,000; lodi fiye da kima N10,000; tuƙi ba lasin N10,000; tuƙin ganganci N50,000. Ban da wannan hukuma, akwai 'yan sanda da jami'an duba lafiyar motoci, kuma jihohi na da nasu dokokin.

Wa ke biya?

Laifin hanya iri biyu ne. Na farko shi ne abin da hannu ya aikata: gudu, ƙetare jar wuta, waya, maye. Wannan yana kan wanda ke riƙe da sitiyari, ko motarsa ce ko ta haya ko ta aro. Sunansa ake rubutawa a takardar laifi. Cewa "maigida ne ya ce in yi sauri" ba hujja ba ce.

Na biyu shi ne abin da ya shafi motar kanta: takardun da wa'adinsu ya ƙare, rashin inshora, taya da ta cinye, fitila da ta mutu. A nan direba ake tarewa, amma gyaran yana wuyan mai mota, kuma dukiyarsa ce za a tsare. Haka nan wanda ya miƙa wa ɗansa ko yaronsa makulli, alhali ya san ba shi da lasin, ya sa kansa cikin laifin.

Mai sayar da mota shi ma ya lura. Muddin ba a sauya sunan mai ita a ofishin lasin ba, lambar tana nan da sunansa, kuma ƙofarsa za a fara ƙwanƙwasawa in bincike ya taso.

Yadda ake biya

Ba a biyan tara a hannun jami'i a bakin titi. Ana biya ne a banki ko ta intanet zuwa asusun Gwamnati, a karɓi rasit. Wanda ya miƙa wa jami'i na goro ya ƙara wa kansa laifi, wanda tararsa a jadawalin N10,000 ce. Wanda kuwa ya tabbata bai yi laifi ba yana da 'yancin ƙin amsawa, ya tsaya gaban alƙali ya kare kansa.

In an ƙi biya fa?

Da farko, za a iya gurfanar da mutum a kotun majistare ko kotun tafi-da-gidanka, inda hukuncin kan zama tara, ko ɗauri, ko duka biyun. Na biyu, motar da aka tsare tana cin kuɗin ajiya: dokar 2007 ta yanka N200 kowace rana bayan awa 24 na farko. Na uku, in wata 6 ya cika ba a zo an fanshe ta ba, Hukumar na iya neman Babbar Kotu ta ƙwace ta, a yi gwanjonta, kuɗin ya shiga baitulmali.

A duba lissafin. Direban da ya ƙi biyan tarar 'yan dubbai, aka tsare motar da yake ci da iyalinsa da ita, kowace rana asarar ciniki yake yi, maigidansa kuma ba ya samun balas.

Saboda haka muna kira ga masu motoci da su yi yarjejeniya a rubuce da direbobinsu tun ranar ɗaukar aiki: laifin tuƙi na direba, laifin takardu da gyara na maigida. Wanda aka ba takardar laifi kuwa, ya biya cikin wa'adi ko ya tafi kotu, kada ya jefa ta aljihu ya manta. Tun ran gini tun ran zane.