Amsar Tambaya: Agogon Sabarmu Ya Rikice Bayan Sabunta Kernel

Tambaya: Malam, ni ke kula da sabar Linux a wurin aikinmu. Tun da na sabunta kernel, gargaɗi ke fitowa cewa agogon TSC ba shi da tabbas. Ina mafita?

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka. Linux na ƙirga lokaci da TSC, ma'aunin da ke cikin firosesa, saboda saurinsa. A cikin kernel akwai mai gadi da ke gwada shi da wani agogo, kamar HPET. Idan tazarar ta yi yawa, sai a ajiye TSC a koma wancan, wanda karanta shi ya fi jinkiri. Shi ya sa sabar kan yi nauyi bayan gargaɗin.

Nemi kalmar clocksource a dmesg. Sannan ka tayar da injin da tsohon kernel ta GRUB. In gargaɗin ya ɓace, ka san inda matsalar ta shigo. Duba /proc/cpuinfo kuma. In akwai constant_tsc da nonstop_tsc, mai yiwuwa agogon lafiyarsa ƙalau, mai gadin ne ya yi kuskure sa'ad da aiki ya yi wa injin yawa.

Za ka ji ana cewa ka sa tsc=reliable. Ban yarda a sa shi ido rufe ba, domin mai gadin da gwajin da ake yi wa TSC lokacin tayar da inji kawai yake kashewa, ba ya gyara komai. Fara sabunta BIOS tukuna. In sabar taka tana kan KVM ne, galibi kvm-clock za ka gani a matsayin clocksource.

Manhajar Chrony kuwa daidaita agogo da na intanet yake yi, ba zai hana wannan gargaɗi ba. Kada ka goge tsohon kernel ɗin sai sabon ya zauna lafiya.