Daga Bakin Teku Zuwa Kantin Kwari

Kano ba ta da teku. Amma atamfa da shadda da leshi masu yawa da ake sayarwa a Kantin Kwari, cikin Fagge, ta ruwa suke zuwa daga ƙasashen waje, musamman ƙasar Sin.

Tashar jirgin ruwa ita ce inda jirage ke tsayawa a sauke kaya. Biyu daga manyan tashoshin Nijeriya suna Legas: Apapa da Tin Can. An buɗe ta Tin Can a 1977, a kan tsibiri. Tsibiri ƙasa ce da ruwa ya kewaye. Akwai wasu tashoshin a Fatakwal da Warri da Kalaba. Wasu fatake kuwa ta Kwatano suke bi.

Daga Legas zuwa Kano kusan kilomita 1,000 ne. Idan kaya suka daɗe a tasha, kuɗin ajiya yakan ƙaru, turmin atamfa ya yi tsada har a kasuwar ƙauye. Riɗi da zoɓon manomi ma ta nan suke fita. Jinkiri a tasha yakan karya farashinsu.

Tambayoyi
1. Mene ne tsibiri?
2. Yaya jinkiri a tasha yake shafar manomi?