Kula da Hujin Gindin Cinya Bayan Aikin Zuciya

Masu ciwon zuciya daga Sakkwato kan tafi Abuja ko Legas, wasu har Masar ko Indiya, a zura musu siririn bututu ta jijiyar gindin cinya zuwa zuciya, don gwaji ko gyara. Su dawo gida da ɗan tabo kamar cizon sauro, 'yan uwa su ce ai an gama. Da saura. Fata kan haɗe da wuri, amma hujin da ke jikin jijiyar a ciki sai ya ɗauki kwanaki.

A asibiti, bayan an cire bututun, ko dai a danne wurin da hannu minti 10 zuwa 20, majinyaci ya kwanta rigingine awa 4 zuwa 6, ko a ɗinke, ko a sa ɗan toshi mai narkewa a jiki, wanda da shi ake iya tashi bayan kamar awa 2. Ka tambayi likita wanne aka yi maka, a rubuta a takardar sallama.

Makon farko shi ne abin kiyayewa. Kada ka ɗauki abin da ya wuce kilo 5. Jarkar ruwa a bar wa yara. Hawa kabu-kabu da doguwar tsugunawa a masai suna iya buɗe hujin. Salla a yi ta a kujera, addini ya yi wa majinyaci rangwame. In tari ko atishawa ta zo, dafe wurin. Zafin garinmu na tara gumi a matsematsi, don haka a riƙa tsane wurin. Maganin tsinka jini kuwa, kada a daina sha sai da izinin likita.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kumburi. Ɗan taruwar jini a fata ba komai ba ne. Amma in kullutu ya taso yana girma ko yana harbawa, don Allah kada a gasa shi da ruwan zafi, kada a murza, kada a kira wanzami ya yi ƙaho ko tsaga. Jini ne ke tsiyaya daga jijiya, tsaga shi na iya kashe mutum.

In jini ya ɓalle, a kwantar da majinyaci, a danne da ƙarfi da tsumma mai tsabta, kada a ɗaga hannu har a isa sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Haka nan a garzaya can in ƙafa ta kumbura, ta yi sanyi ko ta sage, ko aka ga jiri da ciwon baya, ko zazzaɓi da mugunya. A tafi da takardar sallama da duk magungunan da yake sha.