Me Zan Girka wa Maigida Mai Ciwon Hanji?

Tambaya: Likita a Yamai ya ce maigidana na fama da kumburin hanji mai daɗewa. Duk abin da na girka sai cikinsa ya murɗa. Yaya zan yi? Daga wata uwargida a Gaya.

Amsa: Uwargida, Allah ya ba maigida lafiya. Wannan ciwo, ko na Crohn ne ko gyambon babban hanji, tashi yake yana lafawa, kuma ba girkinki ya jawo shi ba.

Ranar da zawo ya taso, ki dama kunun gero, ki tace shi da rariya mai laushi har dusa ta fita sarai. Farar shinkafa ta nuna luguf. Ɗanyen kifin kogin Isa da ke kusa da ku, ki dafa romonsa, ki cire ƙaya, ban da suya. Barkono, wake da kwaɗon zogale a ɗaga musu ƙafa tukuna. Ya ci kaɗan-kaɗan, sau 5 ko 6 a yini, yana kurɓar ruwan gishiri da sukari.

In cikin ya lafa, ki dawo da abincin ɗaya bayan ɗaya, har nono, kina lura da wanda ke tayar masa. Kada tsoro ya sa ki hana shi komai ya rame.

Ibuprofen da diclofenac na 'yan talla suna iya tayar da ciwon. Kika ga jini da yawa ko zazzaɓi, ku nufi asibiti a ranar.