Renon dashe da ɗanyen ganye a cikin gida

Ba sai mutum ya mallaki garka a fadama ba kafin ya ci amfanin noman rani. Kusurwar gida mai samun rana ta isa. Masu garka na Jiratawa da Tibiri da bakin Gulbin Maraɗi suna neman dashe mai lafiya kowace shekara. Matan birni kuma suna neman ɗanyen ganye domin miya da kwaɗo.

Kayan aiki

A nemi tsofaffin kwanoni ko leda, a huda gindinsu domin ruwa ya tsiyaye. A haɗa rairayi kashi 2 da ruɓaɓɓen taki kashi 1. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa. A yi ƴar rumfar kara, a kuma yi shinge saboda awaki da kaji.

Sanin lokaci

Nan ne riba take, nan ne kuma hasara take. Dashe ba ya jiran mai saye. In ya wuce kwanakinsa, sai ya yi tsawo, ya raunana, kowa ya ƙi shi. Dashen tumatir yana isa cira bayan kwana 25 zuwa 30. Na albasa kuwa sai kwana 45 zuwa 50. Saboda haka a fara tambayar mai garka ranar da zai dasa, sannan a ƙidaya baya. Wanda zai dasa tumatir a tsakiyar Nuwamba, a shuka masa iri a tsakiyar Oktoba.

Zogale ma haka ne. A jiƙa irinsa dare guda, a shuka a leda cikin watan Yuni. Zai isa sayarwa ranar 3 ga Agusta, ranar dashen itatuwa a Nijar.

Ganyen ci

Alayyafo yana isa yanka cikin mako 3 zuwa 4. A riƙa shuka kaɗan kaɗan kowane mako, domin kada ciniki ya yanke. Ganye yana ƙara jini, yana taimakon idanun yara. Amma a ba shi ruwa mai tsabta, ba ruwan kwata ba. Kada a fesa masa maganin ƙwari dab da yanka. Irin da aka cuɗe da magani, mai launin ja ko shuɗi, na shuka ne kawai, a ɓoye shi daga yara.

A ƙarshe, a rubuta ranar shuka da kuɗin iri da abin da aka sayar. Ga amfanin karatu ke nan.

Tambayoyi

1. Don me ake huda gindin leda?
2. Mai garka zai dasa albasa ranar 1 ga Disamba. Yaushe za a shuka masa iri?